Bindiga mai sakata

bindiga mai sakata (suna, mace, jam'i: bindigogi masu sakata). Doguwar bindiga ce da ake ɗana ta da hannu bayan kowane harbi. Mai ita yakan ɗaga hannun sakatar, ya ja baya kwankon harsashi ya faɗo, ya tura gaba sabo ya shiga, sannan ya danna ƙasa ta kulle.

Damargu ta gan ta a 1899, lokacin da ayarin Faransawa na Foureau da Lamy ya ratsa ƙasar daga Agadas zuwa Damagaram. Daga baya aka kawo MAS 36, ƙirar Saint-Étienne ta Faransa, mai cin harsashi 5. Wannan kuwa ba ta da makullin kariya ko kaɗan, shi ya sa ba a yawo da ita a ɗane.

Ka'idar riƙonta a Tanut da Belbeji na ƙasar Damargu ɗaya ce da ko'ina: a ɗauka kullum akwai harsashi ciki, baki ya kalli ƙasa, yatsa ya nisanci kunama. Kafin a miƙa wa wani, a buɗe sakata a leƙa. Mallakarta ba tare da takardar izinin hukuma ba, laifi ne a Nijar.