Yaran Cleveland: Yadda Kotu ta Koyi Sauraron Yaro

A tsakiyar shekarar 1987, ɗakin kwantar da yara na babban asibitin Middlesbrough, a arewa maso gabashin Ingila, ya cika maƙil da yaran da ba zazzaɓi ko karaya ta kawo su ba. An raba su da iyayensu ne bisa umarnin kotu, kuma da yake gidajen riƙon yara sun cika, sai aka rasa inda za a kai su in ban da asibiti. Tsakanin Fabrairu da Yulin wannan shekara, likitocin yara biyu, Marietta Higgs da Geoffrey Wyatt, sun ce bincikensu ya nuna an yi lalata da yara 121 daga iyalai 57 a gundumar Cleveland, inda garin yake a lokacin.

Wannan al'amari ya girgiza Birtaniya, kuma daga cikinsa aka fara ɗaukar wata tambaya da muhimmanci: idan an cuci yaro a gida, ta yaya hukuma da kotu za su gano gaskiya ba tare da sun ƙara masa wata cutar ba?

Kafin a zargi ma'aikatan Cleveland da gaggawa, yana da kyau a san halin da suke ciki. A 1984 wata yarinya 'yar shekara huɗu, Jasmine Beckford, ta mutu a Landan a hannun mijin uwarta, alhali tana ƙarƙashin kulawar ƙaramar hukuma. Rahoton binciken da ya fito a 1985 ya caccaki ma'aikatan walwalar jama'a cewa sun yi sakaci. A 1986 kuma aka buɗe ChildLine, layin wayar da yara ke kira su kai kuka, sai ga kira kamar ruwan sama. Ƙasar ta farga cewa cin zarafin yara a cikin gida ya fi yadda ake zato yawa. Saboda haka kowane ma'aikaci tsoronsa ɗaya ne, kada a ce ya ga alama ya yi shiru.

Likitocin biyu sun dogara ƙwarai da wata alama da ake dubawa a duburar yaro. Wasu likitoci, ciki har da babban likitan 'yan sandan yankin, sun ce wannan alama kaɗai ba ta isa hujja ba, domin wasu larurori kamar taurin bayan gida na iya haifar da ita. Rigima ta ɓarke tsakanin asibiti da 'yan sanda har aka daina aiki tare. Dokar lokacin kuwa ta sauƙaƙa ɗauke yaro: majistare guda na iya sa hannu a takardar da za ta raba yaro da gidansu har kwana 28, ba tare da an ji ta bakin iyaye ba.

Gwamnati ta naɗa Mai Shari'a Elizabeth Butler-Sloss ta binciki lamarin. Ta yi zaman sauraron shaidu na kwana 74, rahotonta ya fito a Yulin 1988. A lokacin, yara 98 daga cikin 121 sun riga sun koma gida. Ba a ɗora mata aikin tantance wane yaro aka ci zarafinsa, wane ne ba a ci ba, kuma har yau ana jayayya a kan haka. Akwai masu cewa an ɓata wa iyayen kirki suna a banza, akwai kuma masu cewa an mayar da wasu yaran hannun waɗanda suka cuce su. Abin da rahoton ya fito da shi fili shi ne yadda manya suka shagala da faɗansu suka manta da yaran.

An tashi wasu yaran daga barci da dare domin a duba su. An duba wasu sau da dama, likitan asibiti ya duba, na 'yan sanda ya duba, likitan da iyaye suka ɗauko shi ma ya duba, duk a wurin da yaro ya fi jin kunya. An yi ta zaunar da su ana tambaya, kuma masu tambayar sau da yawa sun riga sun yanke cewa abin ya faru, jira kawai suke yaro ya amsa. Wanda ya ce ba a yi masa komai ba, sai a ɗauka tsoro ne ya hana shi faɗa. Kaɗan ne aka tsaya aka yi musu bayanin dalilin da ya sa ba za su kwana gida ba. Butler-Sloss ta taƙaita darasin da cewa yaro mutum ne, bai kamata a mayar da shi wani abu da manya ke nuna damuwa a kansa kawai ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, domin wannan ne zuciyar maganar. Yaron da aka ci zarafinsa, musamman idan wanda ya yi ɗan gida ne, ba ya ba da labari kamar babba. Abin da ya faru yana zuwa masa gutsi-gutsi: ƙamshin wani turare, ƙarar buɗe ƙofa, launin labule. Yana iya tuna waɗannan sarai amma ya kasa faɗin rana ko sau nawa. Yana iya yin shiru wata da watanni, ya faɗa, sannan ya janye idan ya ga gida ya rikice saboda maganarsa, domin mai laifin sau da yawa shi ne mai ciyar da shi, wataƙila ma yana ƙaunarsa. Kowace sabuwar tambaya tana mayar da shi cikin ɗakin da abin ya faru, wato fama masa miki ake yi.

Ɓarnar ba ta tsaya ga lafiyar yaron ba, tana shafar gaskiyar da ake nema. An koya wa yara cewa idan babba ya maimaita tambaya, to amsar farko ba daidai ba ce. Saboda haka a karo na uku ko na huɗu sai yaro ya sauya amsa don ya faranta wa mai tambaya. Idan aka ce masa "Baba ne ya taɓa ka, ko ba haka ba?" an riga an sa masa magana a baki. Daga baya lauya zai tashi a kotu ya jera amsoshin da suka saɓa wa juna, ya ce yaron maƙaryaci ne. Ta haka mai laifi ke kuɓuta, ta haka kuma ake iya ɗaure marar laifi. Tausasa wa yaro da neman sahihiyar shaida hanyarsu ɗaya: a tambaye shi da wuri, sau ɗaya idan zai yiwu, mai tambayar ya zama ƙwararre, ya fara da "gaya mini abin da ya faru" sannan ya yi shiru ya saurara.

Majalisar Dokokin Birtaniya ta zartar da Dokar Yara ta 1989, wadda ta fara aiki a Oktoban 1991 a Ingila da Wales. An daɗe ana shirya ta kafin Cleveland, amma rikicin ya bar mata tambari. Umarnin kwana 28 ya koma na kwana 8, ana iya ƙara 7, kuma iyaye na da damar ƙalubalantarsa. Dokar ta ce maslahar yaro ita ce gaba da komai, kuma abu na farko a jerin abubuwan da alƙali zai duba shi ne buri da ra'ayin yaron, gwargwadon shekarunsa da fahimtarsa. Ta ce jinkiri a shari'a yakan cutar da yaro. Ta kuma tanadi wakili mai zaman kansa da zai tsaya wa yaro idan hukuma na neman ɗauke shi, aikin da hukumar Cafcass ta gāda a 2001.

Abin mamaki, kotunan manyan laifuka ne suka riga kotunan iyali gyara yadda ake karɓar shaida. A 1989 kwamitin Alƙali Thomas Pigot ya ba da shawarar a naɗi shaidar yaro a bidiyo tun kafin ranar shari'a, har da tambayoyin lauyan wanda ake tuhuma. Dokar 1991 ta karɓi rabin shawarar, ta yarda a nuna hirar farko da aka naɗa. Dokar 1999 ta tanadi labulen kare mai shaida, da ba da shaida daga wani ɗaki ta talabijin, da cire hular gashi da rigar lauyoyi, da mai shiga tsakani da zai taimaka wa yaro fahimtar tambaya. Ta kuma hana wanda ake tuhuma da lalata ya yi wa yaron ko matar da ke ƙararsa tambayoyi da bakinsa. Sauran rabin shawarar Pigot sai a 2020 ta game ƙasar ga yara, bayan shekara fiye da talatin.

A kotun iyali kuwa, inda ake yanke wa zai riƙe yaro da wa zai ziyarce shi, wannan kariya ba ta kai ba. Da aka rage tallafin lauya na gwamnati daga 2013, iyaye da yawa suka koma tsaya wa kansu. Sakamakon haka, a wancan lokacin mutumin da ake zargi da dukan matarsa ko cin zarafin ɗansa yana iya tashi ya titsiye matar da tambayoyi na tsawon sa'o'i, bayan sun zauna jira a ɗaki ɗaya. Uwar da ta ruɗe ta kasa jera magana sai a ga kamar ƙarya take yi, wanda ya zo a natse cikin kwat sai a ga kamar shi ne mai gaskiya. A 2016 ƙungiyar Women's Aid ta fitar da rahoto kan yara 19 daga iyalai 12 da iyayensu maza suka kashe tsakanin 2005 da 2015 a yanayin da ya shafi ziyara bayan rabuwar aure, kuma a wasu daga ciki kotu ce ta tsara ziyarar.

A Yunin 2020 Ma'aikatar Shari'a ta wallafa rahoton wani kwamitin ƙwararru da ya karɓi bayanai sama da 1,200. Kwamitin ya ambaci matsaloli huɗu: ƙarancin kuɗi da ma'aikata, al'adar ganin dole yaro ya ci gaba da hulɗa da iyaye biyu ko da akwai haɗari, rashin musayar bayanai tsakanin kotu da 'yan sanda da sauran hukumomi, da tsarin shari'a na kokawa tsakanin ɓangarori biyu. Ya kuma ce sau da yawa ba a jin muryar yaran, ko a ji a yi watsi da ita. A Cleveland an ɗauke yara ba a tambaye su ba. Bayan shekara 33 an gano ana tura wasu ziyarar wanda suke tsoro, nan ma ba a tambaye su ba.

Dokar Cin Zarafi a Cikin Gida ta 2021 ta amince cewa yaron da ya ga ko ya ji ana cin zarafi a gidansu shi ma wanda aka zalunta ne. Ta hana wanda ake zargi yi wa wanda ya zalunta tambayoyi da kansa a kotun iyali, kotu ce za ta naɗa lauya ya yi, kuma wannan sashe ya fara aiki a 2022. A shekarar ce aka fara gwada sabon tsari a Dorset da arewacin Wales. Maimakon a fara da iyaye suna jifan juna da zargi, ma'aikaci ne ke fara ganin yaron, ya tattaro bayanai daga makaranta da 'yan sanda, ya rubuta rahoto kan yadda rikicin ke shafarsa, kafin alƙali ya zauna.

Game da hirar da ake yi da yaron kuwa, Ingila ta aro dabara daga waje. A 1998 Bragi Guðbrandsson ya buɗe Barnahus, wato Gidan Yara, a Reykjavik babban birnin Iceland, bisa koyi da wata cibiya da aka kafa a Huntsville ta jihar Alabama a Amurka a 1985. Gida ne kamar kowane gida a unguwa. Ƙwararre guda ke hira da yaron, alƙali da lauyoyin ɓangarorin biyu na kallo daga wani ɗaki, suna aika tambayoyinsu ta hannunsa. Likita da mai ba da shawara duk suna ƙarƙashin rufin. A 2018 aka buɗe cibiya mai kama da ita a Landan, mai suna Lighthouse.

Wannan tarihi bai yi mana nisa ba. Kotunan majistare da manyan kotunan Najeriya daga Ingila suka gaji tsarin lauya ya kara da lauya. Dokar 'Yancin Yara ta 2003 ta tanadi kotun iyali, ta taƙaita masu shiga zauren, ta hana bayyana sunan yaro, ta ce a gudanar da zama cikin yanayin da zai bar shi ya faɗi abin da ke ransa. Jihohi sun yi ta kafa nasu dokokin a kan wannan turba. Sai dai mun ga yadda Ingila ta rubuta a 1989 cewa a fara da jin ra'ayin yaro, amma a 2020 aka tarar ba a yi. Mai karatu da wata rana yarinya za ta kawo wa kuka, ko a gida ko a makaranta, yana iya ƙirga bakin da za ta maimaita wa labarin: uwa, kawu, mai unguwa, ɗan sanda a kanta, likita, mai gabatar da ƙara, alƙali. Duk wanda aka rage a wannan layi, an rage mata zafi, an kuma kare shaidarta daga lalacewa kafin ta isa gaban alƙali.