Inci Huɗu da Ba Inci Huɗu Ba: Yadda Bututun Gummi Ya Rasa Gurbi a Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake haɗa famfo a Gummi ko Bukkuyum ya ga wannan dabara. Mai aikin zai yayyaga takardar buhun siminti, ya cinna mata wuta, ya riƙa jujjuya bakin fayif ɗin roba a kan harshen wutar har ya yi laushi. Sai ya cusa ɗan'uwansa a ciki da sauri, ya bari ya huce, ya zare, ya shafa gam, ya mayar. Ya yi wa kansa soket ke nan. Ko dai na sayarwa ya ƙare, ko kuma wanda aka kawo daga Gusau ya ƙi shiga, duk da cewa da shi da fayif ɗin "inci huɗu" ake kiransu.

A cikin jakar ɗan kwangila kuwa akwai zanen ginin, an fitar da shi tsaf daga kwamfuta, kowace gwiwa da kowane ti a mazauninsa. Abin da ke takarda daban, abin da ke ƙasa daban. Wannan saɓani ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Ginin gargajiya bai san wannan ciwon kai ba. Bututunsa ɗaya ne, indararo, mai zubar da ruwan sama daga kan soro, kuma magini da ido yake auna shi. Ruwan sha na rijiya ne da gulbi. Fayif ya shigo ƙasar Hausa ne da Turawan mulkin mallaka, musamman bayan da aka buɗe aikin ruwan Challawa a Kano a farkon shekarun 1930, kuma ya zo da ma'aunin Ingila a goye.

Shi wannan ma'auni yana da uba. A 1841 injiniya Joseph Whitworth ya gaji da yadda kowace masana'anta a Ingila ke yanka zaren kusoshinta yadda ta ga dama, sai ya fitar da tsari guda mai kusurwar digiri 55. Daga shi aka samo zaren fayif na Birtaniya, wanda har gobe shi ne a bakin kan famfo da fayif ɗin ƙarfe a Najeriya. Amurkawa suka ce ba su yarda ba: a 1864 William Sellers ya kawo nasa mai digiri 60, zaren fayif ɗinsu ma ya tafi a kan 60 ɗin. A fayif mai inci ɗaya, na Ingila zare 11 ne a kowane inci, na Amurka 11 da rabi. Rabin zare kawai, amma ya isa ya sa mahaɗa ta yi ta ɗiga, kome yawan tef ɗin da aka naɗa mata.

Sai roba ta zo da nata lissafin. Jamusawa ne suka fara yin fayif ɗin PVC a shekarun 1930, su kuma da milimita suke awo, daga waje. Koren fayif ɗin nan na PPR da ake haɗawa da na'ura mai zafin kusan digiri 260 shi ma a milimita yake. Najeriya ta koma ma'aunin mita a shekarun 1970, amma bakin kasuwa bai koma ba. Shi ya sa "rabin inci" na ƙarfe yake da kaurin milimita 21.3, na roba kuwa 20. "Inci huɗu" na iya zama 110, yana iya zama 114.3. Mai shago a Ƙofar Ruwa ta Kano ya san da haka sarai, kuma idan mutumin kirki ne zai ce a kawo guntun tsohon a gwada kafin a ba da kuɗi.

Ta ɓangaren zane kuwa, injiniyoyin ma'aikatar ayyuka sun daɗe suna jan layi da fensir a kan allo, su rubuta girman bututu a gefe. Layi ba ya gardama. Ko da manhajar zane ta AutoCAD ta fito a 1982, layin nan ne ya koma kan gilashi. Canji na gaske ya fara da tunanin da Charles Eastman ya wallafa a 1975, cewa a gina gidan gaba ɗaya a cikin kwamfuta, bango ya san shi bango ne, ƙofa ta san faɗinta. Kamfanin Graphisoft na Hungary ya bi wannan hanya da ArchiCAD a shekarun 1980. A 1997 Leonid Raiz ya kafa wani ƙaramin kamfani a jihar Massachusetts, Irwin Jungreis ya zo suka haɗu, suka fitar da Revit a 2000. Kamfanin Autodesk ya saye shi a 2002 kan dala miliyan 133, kuma sai a 2006 aka fitar da reshen da ya shafi bututu da wayoyi da iska. Wannan salo shi ake kira BIM.

A nan gizo ke saƙar. A irin wannan manhaja ba a zana fayif, ɗauko shi ake yi daga rumbu. Dole a gaya mata kaurinsa na ciki da na waje, da abin da aka yi shi da shi, da irin gwiwar da za ta sa idan an karya kwana, da ragin da za ta sa idan an sauko daga 32 zuwa 25. In babu wannan gwiwa a rumbun, sai ta turje, ko ta bar giɓi, ko ta liƙa wata baƙuwa. Kayan da ke zuwa tare da manhajar galibi na ma'aunin Amurka ne da Turai. Sauran kuwa masu ƙera bututu ne ke cikawa: kamfanoni irin su Wavin da Geberit da Victaulic suna raba samfurin kayansu kyauta, don sun san abin da aka sa a zane shi za a rubuta a takardar saye. Gwamnatin Birtaniya ta ƙara musu ƙaimi da ta wajabta BIM a ayyukanta daga Afrilun 2016.

To, wa zai yi wa fayif ɗin da ke bin mota daga Kano ko Anacha zuwa Gusau, ya bi ta Anka da Daki Takwas ya sauka Gummi, irin wannan hidima? Wani ma ko tambarin kirki babu a jikinsa. Matashin da ke zane a ofis zaɓi biyu gare shi: ya ɓata kwanaki yana auna gwiwa da ti yana ƙera su ɗaya bayan ɗaya, ko ya ari na Turai ya wuce. Mafi yawa ara suke yi, kuma da wuya a ga laifinsu, tunda kuɗin zane bai haɗa da wannan wahala ba. Sai dai lissafin kaya daga zanen yake fitowa, kuskuren ya bi takarda har wurin aiki.

Abin ya fi muni a ruwan karkara, wanda shi ne ainihin aikin famfo a yankin. Famfon tuƙa-tuƙa na India Mark II yana amfani da fayif ɗin ƙarfe mai inci ɗaya da kwata, tsawon mita uku-uku, da sanda mai milimita 12 a ciki. Afridev kuwa roba yake so mai milimita 63. A haɗa da rijiyar burtsatse, da injin sola, da tankin roba a kan hasumiyar ƙarfe, da jerin kawunan famfo inda yara ke layi da jarka. Manhajar kuwa an yi ta ne da benaye a zuciya, inda ruwan hukuma ke shigowa da ƙarfinsa dare da rana.

A manhajar akwai kuma layin da ke faɗin abin da aka yi bututu da shi, wanda a Anka da Bukkuyum ba abin wasa ba ne. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare, daga baya Bagega, inda yara fiye da 400 suka rasu. Daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje gubar ta fito, ba daga famfo ba. Amma dalma tsohuwar abokiyar bututu ce: Rumawa da ita suke yin nasu, kuma daga sunanta na Latin, plumbum, Turanci ya samo sunan mai aikin famfo. Amurka ta haramta sabon fayif ɗin dalma a 1986, ta rage abin da aka yarda da shi a kayan famfo zuwa kashi 0.25 cikin ɗari daga 2014. An daɗe kuma ana sa sinadarin dalma a PVC don ya jure zafi, kafin masana'antun Tarayyar Turai su daina a ƙarshen 2015. Gwiwar da aka aro daga rumbun Turai tana ɗauke da wannan shaida a kwamfuta. Wadda aka ƙirgo daga buhu a kasuwar Gummi kuwa, abin da mai shago zai iya faɗa a kanta shi ne kuɗinta, da ko mai kauri ce ko mai shara-shara.