Lakhdar Brahimi

Lakhdar Brahimi (an haife shi ranar 1 ga Janairu, 1934) dattijo ne ɗan ƙasar Aljeriya da ya yi fice wajen shiga tsakani a rikice-rikicen duniya. Tun yana saurayi ya shiga gwagwarmayar ƙwatar 'yanci daga Faransa, inda ya wakilci ƙungiyar 'yan gwagwarmayar, wato FLN, a Indonesiya. Daga baya ya yi jakada a Masar da Birtaniya, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1991 zuwa 1993.

A Lebanon ne sunansa ya fito. A matsayin manzon Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa, ya yi ta kai-komo tsakanin ɓangarorin da ba sa ga maciji, har aka cimma yarjejeniyar Ta'if a 1989, wadda ta buɗe hanyar kawo ƙarshen yaƙin basasar shekara 15.

A Disambar 2001 ya jagoranci taron birnin Bonn da ya naɗa Hamid Karzai shugaban riƙon ƙwaryar Afganistan. Ba a gayyaci Taliban ba, kuma shi da kansa ya ce daga baya wannan babban kuskure ne. Ya gaji Kofi Annan a matsayin mai shiga tsakani a rikicin Siriya a 2012, amma tattaunawar sulhun da aka yi a Geneva ta ci tura, ya ajiye aikin a Mayun 2014.