MASAE KASAI: KYAFTIN ƊIN DA TA ƊAGA AURENTA SABODA ƘASARTA

Tarihinmu na wannan makon zai kai mu ƙasar Japan, wajen wata 'yar wasan ƙwallon raga mai suna Masae Kasai.

An haife ta a 1933 a lardin Yamanashi. A 1952 ta kama aiki a kamfanin masaƙa na Nichibo, daga baya aka mayar da ita reshensa na garin Kaizuka, kusa da Osaka. A can ta haɗu da koci Hirobumi Daimatsu, tsohon soja da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Bama. Saboda tsananinsa, Japanawa suka yi masa laƙabi da Oni, wato dodo. 'Yan matan kan yi aikin kamfani da safe, su shiga atisaye da yamma, sau da yawa har tsakar dare. Shi ya koya musu tarar ƙwallo a mirgina ƙasa a miƙe nan take, domin 'yan wasan Turai sun fi su tsawo da ƙarfi.

Wahalar ta biya. A 1960 suka zo na biyu a gasar duniya a Burazil. Da suka zaga Turai a 1961 suna lallasa ƙungiyoyi, sai 'yan jarida suka sa musu suna “Mayun Gabas”. A 1962 kuwa suka doke Tarayyar Sobiyet a Mosko, suka ɗauki kofin duniya. Kasai ce kyaftin.

A nan ne gizo ya yi saƙa. Shekarunta 29, a lokacin da budurwar Japan kan yi aure tana da ashirin da 'yan kai. Ita da wasu abokan wasanta sun yi niyyar ajiye wasa su yi aure. Sai ga shi an sanya ƙwallon raga a gasar Olamfik a karon farko, kuma a birnin Tokiyo za a yi a 1964. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga jama'a ana roƙonsu su tsaya. Kasai ta amince ta ƙara shekara biyu.

Ranar 23 ga Oktoba, 1964, suka sake karawa da Sobiyet a wasan ƙarshe, suka ci 15-11, 15-8, 15-13. Ƙididdigar masu kallon talabijin ta kai kashi 66.8 cikin ɗari. Ƙasar da yaƙi ya durƙusar shekara 19 da suka wuce ta ɗaga kai a hannun ma'aikatan masaƙa, domin goma cikin 'yan wasa goma sha biyu na tawagar daga Nichibo suke.

Kasai ta ajiye wasa, ta yi aure a 1965 da wani hafsan soja, Firaminista Eisaku Sato ne ma ya shige gaba a sha'anin auren. Ta rasu a Oktoba 2013 tana da shekara 80.

Abin lura shi ne, ƙasa ta ci ribar lambar zinare, amma shekarun da aka biya da su na Kasai ne. Wasu na kallonta a matsayin jaruma, wasu kuma na ganin an matsa wa 'ya mace fiye da kima. Tambayar da ta sha, ta yaushe za a yi aure, ba baƙuwa ba ce a Dutse. 'Yan mata nawa ne suka yi fice a filin wasan makarantun kwana na Kiyawa, Birnin Kudu ko Jahun, da suka gama sakandare sai labarin ya tsaya? Na Kasai ya kawo gare mu ne don an rubuta shi, da kwanan wata da sakamako. Namu kuwa suna raye a unguwanninmu, wasu da jikoki. Duk mai irin wannan yaya ko gwaggo a gida, ya zauna da ita ya ɗauki labarinta tun tana iya tuna sunayen abokan wasanta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.