Ɗan Rabah a Majalisar Legas: Shi Mun San Inda Ya Tsaya, Naka Wakilin Fa?

Yau zan fara da tambaya, musamman ga 'yan'uwanmu na Wurno, Rabah da Goronyo. Ɗan majalisar da kuka tura Abuja, ko na mazaɓar Wurno da Rabah, ko na Goronyo da Gada, ko sanatan Sakkwato ta Gabas, za ku iya kawo doka ɗaya tak ku ce ga ɓangaren da ya zaɓa a kanta? Yawancinmu buhun shinkafa da babur ɗin da ya raba muke iya lissafawa. To bari mu koma baya, mu ɗauki wani ɗan majalisa daga wannan yanki wanda tarihinsa yake a buɗe.

Ahmadu Bello a Rabah aka haife shi, jinin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello wanda kabarinsa ke Wurno. Ya zama hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna a 1938. Mun fi saninsa da Firimiya, muna mantawa cewa ɗan majalisa ne tun farko: ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna a 1949, daga baya ya je Majalisar Wakilai a Legas, inda Arewa ke da kujeru 68 cikin 136 na zaɓaɓɓu.

Batu na farko: mulkin kai. Ranar 31 ga Maris, 1953, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya miƙe ya kawo gyara, ya ce a cire shekarar, a sa da zarar hali ya yi. Dalilinsa shi ne Arewa ba ta da isassun 'yan boko da za su riƙe ofisoshi, idan Bature ya tafi a lokacin, wasu ne za su hau kujerun. 'Yan AG da NCNC suka fice daga zauren, mutanen gari kuma suka yi wa wakilan Arewa ihu a titi. Abin bai tsaya nan ba. A watan Mayu, da tawagar AG ƙarƙashin Akintola ta nufi Kano, rikici ya ɓarke, mutane gommai suka rasa rayukansu.

Batu na biyu: tsarin ƙasa. Bayan dawowarsu, majalisun Arewa suka amince da buƙatu 8 waɗanda suka nemi kusan duk iko ya koma jihohi, a bar wa tsakiya ɗan abin da ba a rasa ba, kamar tsaro da hulɗa da ƙasashen waje. Taron Landan na 1953 da tsarin mulkin 1954 suka biyo baya, Najeriya ta zama tarayya mai jihohi uku masu ƙarfi. Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa ta jira sai 15 ga Maris, 1959.

Batu na uku, wanda ba a cika son faɗa ba: ƙuri'ar mata. Jam'iyyarsa ta NPC ta tsaya kai da fata cewa lokaci bai yi ba. Shi ya sa a zaɓen 1959 matan Kudu suka jefa ƙuri'a, kakanninmu mata suna gida, duk da fafutukar irin su Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU. Sai a 1976, shekara goma bayan rasuwarsa, aka buɗe musu ƙofa.

Kun ga dai, wani zai ce ya yi daidai a na farko ya kuskure a na uku, wani ya ga akasin haka. Amma gardamar tana yiwuwa ne saboda mutumin ya miƙe da sunansa, ya faɗi matsayinsa, an rubuta.

To yau fa? Yawancin dokoki a majalisar ƙasa da ƙuri'ar murya ake yanke su. Shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya buga guduma. Wanda ya amsa, da wanda ya yi shiru, da wanda ke kan wayarsa, duk ɗaya ne a takarda. Ko dokar ta-ɓaci ta jihar Ribas a watan Maris na 2025, wadda tsarin mulki ya ce sai da kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, haka aka wuce da ita.

Dubi abin da ke faruwa idan aka kira suna. Ranar 15 ga Yuli, 2021, a kan batun tura sakamakon zaɓe ta na'ura, Sanata Abaribe ya nace sai kowa ya tashi ya faɗi nasa. Sanatoci 52 suka goyi bayan a gindaya wa INEC sharaɗi, 28 suka ce a sakar mata mara, 28 ba sa nan. Jaridu suka buga sunaye, jama'a suka yi ca. Kafin ƙarshen Oktoba majalisar ta janye matsayinta. Haka a 2006, da aka haska muhawarar tazarcen Obasanjo kai tsaye a talabijin, kowa ya san mutanen garinsu na kallonsa, ƙudurin ya mutu ranar 16 ga Mayu.

Mu a gabashin Sakkwato muna da abin tambaya: kuɗin tsaro, gyaran madatsar ruwan Goronyo, hanyoyin da manoma ke tsoron bi. Duk a majalisa ake yanke kasafinsu. Idan wakilinka ya zo gida da sallah, ka gaishe shi cikin mutunci, sannan ka ce: Ranka ya daɗe, a kan doka kaza, ina ka tsaya? Ka ajiye amsar a wayarka zuwa ranar zaɓe.

Ku rubuto mana a ƙasa abin da kuka ji daga bakinsu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.