Banɗakin cikin ɗaki

Banɗakin cikin ɗaki shi ne banɗakin da ƙofarsa take buɗewa kai tsaye cikin ɗakin kwana, wanda masu ɗakin kaɗai ke amfani da shi. A harkar gidaje da otal-otal ana kiran irin wannan ɗaki "en suite", kalmar da ta fito daga Faransanci mai nufin abin da ke biye da wani. Yawanci yana ƙunshe da masai, wurin wanka da wurin wanke hannu. A tsofaffin gidaje ana yanko shi ne daga jikin ɗakin kwana, don haka filinsa kan zama kaɗan, kuma wurin da bututun ƙazanta zai bi shi ke yanke yadda sauran tsarin zai kasance.

Asali

A ginin gargajiya na Hausawa ana ware makewayi can ƙuryar gida, nesa da ɗakunan kwana da madafi, saboda wari da ƙudaje. Sunayen "bayan gida" da "banɗaki" kansu suna nuna haka. Abin da ya ba da damar kawo masai kusa da gado shi ne lanƙwasasshen bututun da ke riƙe ruwa a cikinsa ya tare warin da ke tasowa daga rami. Alexander Cumming, wani mai ƙera agogo ɗan Sikotland, shi ya yi rajistar wannan fasaha a shekarar 1775. Manyan otal-otal ne suka fara yaɗa tsarin: otal ɗin Savoy da aka buɗe a Landan a 1889 ya yi suna da yawan banɗakunan da ke haɗe da ɗakunan baƙi. A biranen Najeriya a yau, ɗakin haya mai banɗaki a ciki ya fi tsada a kan wanda ake tarayya da maƙwabta.

Zaɓen wuri

Matakin farko shi ne gano inda bututun masai zai fita zuwa sokawe. Wannan bututu shi ne mafi kauri, faɗinsa kusan inci 4 ne, wato milimita 100 zuwa 110, kuma yana buƙatar gangara. Ma'aunin da aka saba bi shi ne 1 cikin 40, ma'ana bututu ya sauka santimita 2.5 a kowace mita. Idan masai ya yi nisan mita 4 daga wajen fita, sai an sami saukar santimita 10, abin da kan tilasta a fasa daɓe ko a ɗaga ƙasan banɗakin. Shi ya sa ake fifita kusurwar da take jikin bangon waje, ko wadda take bayan wani banɗaki. Bangon waje yana kuma ba da damar yin taga. A gidan bene, ɗora sabon banɗaki daidai saman na ƙasa yana rage tsawon bututu.

Ana kuma lissafa abin da ɗakin kwana zai rasa. Ɗaki mai mita 4 tsawo da mita 4 faɗi yana da murabba'in mita 16. Idan aka yanki banɗaki mai mita 1.2 da 2.4 a kusurwa, aka haɗa da kaurin bulo mai inci 6, za a rasa kusan murabba'in mita 3.4, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na ɗakin. Kafin a fara gini, magina kan zana layin bangon a ƙasa da alli don a ga ko gado da durowar kaya za su ci gaba da shiga.

Tazarar da ake bari

Kowane abu a banɗaki yana da girmansa, yana kuma da filin da mutum zai tsaya ya yi amfani da shi. Kundin International Plumbing Code, wanda jihohi da dama na Amurka ke bi, ya tanadi cewa:

Daga tsakiyar masai zuwa bango ko wani abu a gefe kada ya gaza inci 15 (santimita 38).
A gaban masai a bar aƙalla inci 21 (santimita 53).
Wurin shawa kada ya gaza inci 30 (santimita 76) ta kowane ɓangare.

Waɗannan su ne mafi ƙanƙanta, ba su ne mafi daɗi ba. Dattijo, mai juna biyu ko mai sanda yana buƙatar fiye da haka.

Ire-iren tsari

Jeri ɗaya: ana jera wurin wanke hannu, masai da shawa a bango guda, bututu duka su bi layi ɗaya. Tsawon mita 2.4 yana isa: santimita 90 na shawa, 80 na masai, 70 na wurin wanke hannu. Idan faɗin ɗakin mita 1.2 ne, ana zaɓen gajeren masai mai fitowar kusan santimita 60 daga bango, domin wanda ya kai 70 ba zai bar isasshen fili a gaba ba.

Ƙofa a tsakiya: ya dace da siririn wuri mai faɗin mita 1. Masai yana gefe ɗaya, shawa a ɗaya gefen, ƙaramin wurin wanke hannu yana fuskantar ƙofa.

Buɗaɗɗen wurin wanka: ba a keɓe shawa ba, ƙasan banɗakin gaba ɗaya yana gangarawa zuwa magudana. Shi ne ya fi yawa a gidajen Najeriya da Nijar, kuma ya dace da wanka da bokiti inda ruwan famfo ba ya zuwa kullum. Illarsa ita ce ko'ina yana jiƙewa.

Ƙofar da ke buɗewa ciki tana cinye fili, kuma idan mutum ya faɗi a bayanta tana wuyar turawa. Ƙofa mai zamewa ko mai buɗewa waje ta fi dacewa da matsattsen wuri.

Danshi, iska da wari

Babbar matsalar wannan banɗaki ita ce bango ɗaya ne ya raba shi da wurin kwana. Tayil shi kaɗai ba ya hana ruwa ratsawa, domin ruwa yana bi ta tsakanin tayil. Ana shafa maganin hana ratsawar ruwa a ƙasa da jikin bango kafin a manna tayil. Inda ba a yi haka ba, fenti yana kumbura ta ɓangaren ɗaki, fumfuna ta kama kayan da ke jikin bangon. Ana kuma saukar da ƙasan banɗaki ƙasa da na ɗaki, ko a yi ɗan dakali a bakin ƙofa, tare da gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana.

Idan babu taga, dole a sa fanka mai zuƙo iska ta fitar waje, ba cikin silin ba. Ƙa'idar gini ta Ingila ta nemi fankar banɗaki ta fitar da lita 15 na iska a kowace daƙiƙa. Kowace magudana tana buƙatar lanƙwasa mai riƙe ruwa, a kuma sa bututun numfashi ya haura saman rufi. A banɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, musamman a lokacin hunturu da bazara, ruwan lanƙwasar kan ƙafe wari ya shigo ɗaki. Zuba ruwa a magudanar yana magance hakan.

Ruwa da lantarki

Inda ake dogaro da tankin sama, ƙarfin shawa ya danganta ne da tazarar da ke tsakanin ruwan tanki da kan shawa: kowace mita 10 ta tsayi tana ba da kusan ba 1 na matsi. Saboda haka shawar bene kan yi rauni idan tankin bai ɗaga sosai ba. Masai mai maɓalli biyu yana sakin kusan lita 6 ko 3, saɓanin tsofaffi da kan kai lita 13.

A ƙaramin banɗaki kusan ko'ina yana kusa da ruwa. Ana sa makunnin fitila da na hita a wajen ƙofa, a zaɓi fitila mai lambar IPX4 ko sama da haka, a kuma kare layin da na'urar da ke katse wuta idan ta yi yoyon miliamfiya 30.

Al'ada da addini

A gidajen Musulmi ana yawan karkatar da masai don kada mai amfani da shi ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, duk da cewa malamai da dama, ciki har da na mazhabar Malikiyya, sun sassauta hukuncin a cikin gini. A arewacin Najeriya alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, don haka akan sa masai ya kalli kudu ko arewa. Ana kuma tanadar gajeren famfo kusa da masai don cika buta, da wurin wanke ƙafa. Masai na tsugunno yana buƙatar zurfi a cikin daɓe, abin da ke sa a ɗaga wurinsa idan a bene ne. Duk waɗannan ana yanke shawararsu kafin a binne bututu, domin sauya wurin masai bayan an manna tayil yana nufin fasa ƙasan banɗakin daga farko.

Duba kuma

Masai
Sokawe
Tsarin ginin Hausawa