Hadeja, 1906: Yaƙi Ɗaya, Labari Biyu

A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka auka wa Hadeja, suka kashe Sarki Muhammadu. Rahoton Turawa ya kira abin ladabtar da sarki mai taurin kai. Mutanen gari kuwa suka laƙaba masa Mai Shahada. Kowa ya yabi gwaninsa, amma talakawan da suka faɗi ranar, sunayensu sun ɓace.

Giɓin nan masani Johan Galtung ya nuna daga baya: aikin jarida na yaƙi yakan bi manya, ya tambayi wa ya ci, na zaman lafiya yakan tambayi me ya jawo faɗan, wa ya yi asara. Ɗan jaridar Dutse mai rubuta rikicin manoma da makiyaya, zaɓin ke nan a gabansa, domin kalmar da ya ɗora wa mamaci takan fi shi daɗewa.